Yadda Za Ka Sauya Sifikun Motarka Ba Tare da Ka Yanke Wayar Kamfani Ba

Duk motar da ta shekara goma tana shan ranar Kano, akwai ranar da za ka kunna rediyo ka ji mai karanta labarai kamar ya cusa takarda a baki, in kuma aka doki ganga ƙofa ta ɗauki zuuu kamar an tone gidan rina. Yawancinmu 'yar Kwatano muke hawa, Corolla ko Camry ko Accord da ta riga ta ci rabin rayuwarta a Amurka ko Turai kafin ta iso mana. Sifikun da kamfani ya sa mata galibi na takarda ne, an zagaye bakinsu da soso. Zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa balle cikin motar da aka kulle a rana, shi ke dafa soson har ya zama gari. Ƙurar hunturu ta shige bayan takardar, ruwan Agusta ya biyo gilashi ya ƙarasa aikin.

Iyakar abin da ya lalace ke nan. Wayar da ta taso daga bayan rediyo, ta bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, galibi lafiyarta ƙalau. Ramin da aka huda a ƙarfen ƙofa shi ma yana nan daram. Ni ban san haka ba sai da na yi asara. Na taɓa kai tsohuwar Corollata wurin wani mai wayarin, na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo ya datse soket ɗin kamfani, ya jawo wata waya ja-da-baƙa tun daga dashbod ya ratsa da ita ta bakin ƙofa, wai ta kamfani ta yi siriri, ba za ta ɗauki wuta ba. Wata biyu ƙofa tana cizon wayar nan duk sanda aka rufe ta, har ta feɗe ta, ta taɓa ƙarfe, rediyon ya yi shiru bai sake magana ba. Tun daga nan da hannuna nake yi, kuma ko silin waya ɗaya na kamfani ba na yankewa.

Maganar siranta kuwa ba ta da tushe. Rediyon mota, ko da an rubuta masa 50W x 4 a fuska, abin da yake iya bayarwa a tsaye ba tare da murya ta fashe ba bai wuce wat 15 zuwa 22 ga kowace sifika ba, don batir bolt 12 ne, in inji na aiki ya kai 14 da 'yan kai. Wayar kamfani tana ɗaukar ninkin wannan ko ɗumi ba ta yi ba. Sai ranar da za ka sa amfilifaya babba, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, za a yi zancen sabuwar waya, wannan kuma wani aikin ne daban.

Da farko, gano wadda ta mutu

Shiga saitin rediyo ka nemi BAL da FAD, masu karkatar da murya hagu ko dama, gaba ko baya. Karkatar da murya gaba-hagu ka saurara, sai gaba-dama, sai na baya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke karkarwa ko ƙarar gwangwani, ita ce ta yage. Wadda ta yi tsit gaba ɗaya kuwa, kada ka yanke mata hukunci tukuna: bar rediyo a kunne, ka buɗe ƙofar ka rufe a hankali. In murya tana zuwa tana ɗaukewa, waya ce ta karye a cikin robar tsakanin ƙofa, an fi samun haka a ƙofar direba da ake buɗewa sau ashirin a rana. Nan za a yi ƙari, ba sifika za a saya ba.

Buɗe ƙofa kafin ka taka kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo sifika tukuna, a zo a buɗe ƙofa a tarar ba ta shiga. Ka fara da buɗewa. Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai kan sita da mai faɗi, sifana lamba 10, filaya, wuƙa mai kaifi, zarton ƙarfe, mita ta awon wuta, ƙarfen narka dalma, rula, da ƙaramin batirin rimot mai bolt 1.5. Ka ajiye gwangwanin madara a gefe don zuba sukurori, in ba haka ba rairayin ƙofar gida zai haɗiye rabinsu.

Sauke gilashi har ƙasa, ka kashe mota ka zare makulli. Cire kan batir na negatif ya fi kwanciyar hankali, amma in Honda ce mai rediyon kamfani, ka tabbata kana da lambar sirrinsa mai lamba biyar tukuna. Da yawa cikinsu da zarar wuta ta ɗauke sai su kulle su rubuta CODE, 'yar Kwatano kuma ba kasafai take zuwa da katin lambar ba. In babu, ka bar batir a haɗe, ka dai tabbata rediyo a kashe yake. Duk soket mai launin rawaya da ka gani, ko waya da aka naɗe da rawayar roba, na iyabag ne, jakar iskar nan da ke fitowa in an yi haɗari. Ba ruwanka da shi.

Sukurorin murfin ƙofa a ɓoye suke: ɗaya a bayan hannun buɗe ƙofa ƙarƙashin wani ɗan marfi, ɗaya ko biyu a cikin ramin da kake kamawa ka ja ƙofa, wani lokaci kuma akwai a gefe. In sun fita, naɗe bakin sukundireba mai faɗi da tsumma, ka cusa ta ƙasan murfin, ka ɓanɓaro kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ɗaga murfin sama ya zame daga bakin gilashi. Kada ka fizge, akwai soket ɗin makunnin gilashi da igiyar hannun ƙofa a maƙale a baya. Ɗauki hotonsu da waya kafin ka cire. Kilif ɗin nan robar ta bushe, biyu ko uku sai sun karye ko ya ka lallaɓa, musamman da sanyin safiyar hunturu. Ka bari rana ta ɗan ɗaga, kuma ka sa sayen sababbi a lissafinka.

Za ka ga leda a manne a jikin ƙarfen ƙofa da baƙin gam mai danƙo. Ita ke tare ruwa kada ya taɓa murfi da makunnai. Ɗage iya inda kake bukata kawai, kada ka yage ta.

Toyota da yawa da ƙusar ribit uku aka kafe sifikarsu, sai an huda kan kowace da injin huda mai baki milimita 5 kafin ta fito. In ba ka da injin, mai walda ko kafintan unguwa zai yi maka cikin minti biyar. Guntayen da suka faɗa cikin ƙofa ka zura hannu ka kwashe, in ba haka ba za su dinga yi maka caccaka a kowane rami. Honda kuwa ƙugiya biyu ce a ƙasa, sama kuma kilif ko sukuru ɗaya.

Awo uku

Na farko faɗi. Ƙofofin gaba galibi inci 6.5 ne, wato santimita 16 da rabi, wasu ƙananan motoci 5.25, wasu Camry kuma mai siffar ƙwai ce, 6x9, har a ƙofar gaba. Bayan kujera a saman but yawanci 6x9 ne. Ka auna taka, kada ka dogara da abin da aka gaya maka.

Na biyu zurfi, kuma shi ne wanda ake mantawa. Gilashi yana ƙasa, zura rula ta ramin har ta taɓa gilashin ko ƙarfen da yake gudu a kai. Abin da ka samu, ka rage aƙalla milimita 5, shi ne iyakar zurfin da sabuwar za ta kai daga fuskar ƙarfe. Sifikun kasuwa maganaɗisunsu ya fi na kamfani girma nesa ba kusa ba. In ka yi sakaci, ranar da ka sauke gilashi a danjar Gidan Murtala don miƙa sadaka za ka ji ƙwas, gilashi ya tsaya a rabi. Ka duba gaba ma, tazarar da ke tsakanin fuskar sifika da ragar murfi, don 'yar twitar da ke tsakiyar sababbi, wato ƙaramar sifika mai fitar da siririyar murya, takan turo kai.

Na uku om, wato awon yadda sifika ke tare wuta. Duba bayan tsohuwar, sau da yawa an rubuta. In ba a rubuta ba, sa mita a awon om ka ɗora bakinta biyu a ƙafafun sifikar. Mai om 4 za ta nuna tsakanin 3.2 da 3.8, mai om 2 kuma ƙasa da 2. Galibi 4 za ka samu. Amma in ka ga an rubuta JBL ko Bose a ragar ƙofa ko fuskar rediyo, motar tana da amfilifayar kamfani a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko cikin but ko bayan dashbod, kuma sifikunta kan zama masu om 2. Sa mai 4 a gurbin mai 2 ba ya ƙona komai, murya ce kawai za ta ragu. Akasin haka ne haɗari: mai om 2 a kan rediyon da aka yi don 4 za ta sa shi zafi har ya gaji. Sifikar rediyon ɗaki mai om 8 kuwa, rabin ƙarfi za ta ja, kuma ba a yi ta don ruwa da rana ba.

A kasuwa

Ɗauki tsohuwar a leda ka tafi da ita. Sababbi a kwali, Sabon Gari. Na Beljiyom da aka ciro daga jikin wasu motoci, da kilif da sauran tarkace, Ƙofar Ruwa.

Mai shago zai ɗauko maka kwali mai ƙyalli ya ce, "Alhaji, wannan wat dubu ce, in ka kunna ta a nan har Bata za a ji ka." Ka ce masa, "Maigida, juya min bayan kwalin." Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, mai MAX ko PEAK a gefe, ta talla ce. Wadda ke da amfani ita ce RMS, wato wat ɗin da za ta iya ɗauka a tsaye, da ƙananan baƙaƙe. Tunda rediyonka wat 20 yake bayarwa, sifika mai RMS 30 zuwa 60 ta ishe ka har da ragi. Mai RMS 100 ba za ta ƙara maka murya ba, sau da yawa ma sai ta fi tsohuwar shiru, don an yi ta da nauyi ne saboda amfilifaya ta tura ta.

Abin da zai ba ka murya shi ne lambar dB, wadda ke nuna yadda sifika ke amsawa da wuta kaɗan. Nemi 90 zuwa sama. Bambancin dB 3 daidai yake da ninka wat: mai 88 sai ta sha ninkin wutar da mai 91 ta sha kafin su yi kai ɗaya. Sai dai ka kula da yadda aka auna. Wani kamfani yana rubuta 1W, wani 2.83V, kuma a sifika mai om 4 awon 2.83V yana ƙara wa lambar dB 3 a banza. Ka kwatanta iri ɗaya da iri ɗaya.

Don yanayinmu, ka zaɓi mai fuskar roba, bakinta ma baƙar roba, ba takarda da soso ba. Pioneer, Sony, Kenwood, JBL duk ana samu, jabunsu ma ana samu, har sun fi na gasken yawa a wasu shagunan. Ɗaga ta ka ji nauyi. Wata an lulluɓe ɗan ƙaramin maganaɗisu da ƙaton murfin roba don ya cika ido, in ka ƙwanƙwasa za ka ji fanko. Wata twitar tsakiyarta ado ce, ko waya ba a haɗa mata ba. In ta Beljiyom ce, ɗora yatsu huɗu a zagayen tsakiyarta ka danna a hankali, daidai wa daida. Ta shiga ta dawo shiru, lafiya. Ka ji tana gurzar wani abu, ajiye masa kayansa. Kuma biyu ake saya iri ɗaya, hagu da dama, ko da ɗaya ce ta mutu.

Tsohuwar sifika ita ce mazaunin sabuwa

Nan ne daɗin aikin yake. Sifikar kamfani a haɗe take da zoben roba wanda ramukansa suka dace da na ƙofa, tsayinsa ya nisanta maganaɗisu daga gilashi, soket ɗin kamfani kuma a jikinsa yake. Sabuwar ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. To me zai sa ka jefar da zoben?

Amma kafin ka sa wuƙa, ka gano wace ƙafar soket ce fosit, wato (+). Ɗauki tsohuwar, a cire take daga mota, ka taɓa ƙafafunta biyu da batirin rimot ta hanyar guntayen waya, taɓawa ɗaya ka ɗage. In fuskar ta turo waje, ƙafar da ke kan fosit ɗin batir ita ce fosit. In ta shige ciki, ɗayar ce. Yi mata alama da jan farce ko maka. Wani ɗan yayana da ke taya ni, ranar da ya fara ganin takardar ta yi tsalle, cewa ya yi, "Kawu, ashe da ranta!" Kada ka yi wannan gwajin a kan twita, kuma kada ka taɓa batir a wayar da ta nufi rediyo. Launin waya ma kada ka dogara da shi. Fari, toka, kore da shunayya da aka sani tsarin rediyon kasuwa ne, kowane kamfanin mota da nasa launin, wani lokaci ma yakan sauya daga dashbod zuwa ƙofa.

Yanzu yanke takardar ka zagaye, ka datse siraran wayoyi biyu da suka taso daga soket zuwa tsakiya, ka sa zarto ka yanke ƙafafun robar da ke riƙe da maganaɗisu. Abin da ya rage a hannunka zobe ne da soket. Kankare ragowar gam da soso, in akwai leɓe da ya tsaya a sama ka daidaita shi da wuƙa har sabuwar ta zauna lif ba ta rawa. Huda ƙananan ramuka huɗu ka ɗaure ta da sukuru, da hannu, gicciye, kada sukundireba ta zame ta huda maka sabon kaya.

Sai guntayen waya biyu, kamar taƙi ɗaya kowace, daga bayan soket ɗin zoben zuwa ƙafafun sabuwar: fosit zuwa ƙafa mai faɗi, negatif zuwa siririya. Da dalma za ka haɗa, ka rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta. Murɗa waya a naɗe da baƙin tef ba ya kai damina biyu a Kano, zafi na narka gam ɗin ya saki. Da ka gama, soket ɗin mota zai shige gurbinsa ya ce ƙyas kamar ba a taɓa komai ba.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: haɗa negatif ɗin sifika da ƙarfen mota, wai as, kamar yadda ake haɗa negatif ɗin batir da jikin mota. A rediyon mota na zamani wayoyin sifika biyun duk masu wuta ne. Abin da ya kashe nawa ke nan.

In zoben ya farfashe, ko sifikar kamfanin mai firam ɗin ƙarfe ce, kai tsohuwar wurin kafinta ya zana ya yanko maka zobe. Filawud mai kauri, a shafe shi da fenti ciki da waje, ko ma farantin roba da ake yanka albasa a kai, wanda ruwa ba ya yi wa komai. Katakon nan na garin katako da ake yin kabad da shi, damina ɗaya zai kumbura ya saki sukuru. A wannan halin, ka ɓalle soket ɗin daga jikin tsohuwar ka yi amfani da shi a matsayin mahaɗi.

Toshe iska

Kunna sifika a tafin hannunka, ba za ka ji bes, wato nauyin murya, ba sam. Zura ta a rami, sai ga shi ya fito. Dalili kuwa, lokacin da fuskarta ke tura iska gaba, bayanta janye iska yake yi, in suka haɗu sai su kashe juna. Ƙofar mota ita ce akwatin da ke raba su. Duk wata kafa tsakanin sifika da zobe, ko zobe da ƙarfe, bes ne ke zurarewa ta nan. Mutum ya sayi kaya mai tsada ya dawo yana cewa na kamfani ya fi nauyin murya, galibi matsalar ke nan. Sa siririn soso mai gam, ko robar tsohon tub daga wurin mai faci, a duka wuraren biyu kafin ka ɗaure. Ka kuma zagaye fuskar sifikar da zoben soso mai kauri wanda zai taɓa bayan murfin ƙofa, don murya ta bi ta raga ta fito maimakon ta ɓace a tsakani. Inda aka cire ribit, noti da washa za ka sa.

Wasu kan manna tef ɗin kwalta na like rufin kwano a cikin ƙofa don rage karkarwa. A garin da ake sanyi wataƙila, amma a nan watan Afrilu zai narke ya zubo, motarka ta dinga warin sabon titi.

Twita

In motarka tana da 'yan ƙananan sifiku a saman dashbod ko kusurwar madubi, ka bar su a haɗe. A Toyota da yawa waya ta cikin soket ɗin twita take bi kafin ta sauka ƙofa, ka cire shi sifikar ƙofa ta yi shiru, ka yi ta neman laifi inda babu. In sabuwar ta ƙofa ma tana da twita a tsakiya, kaifin murya zai iya yin yawa, sai ka rage TRE, saitin kaifin murya, a rediyo. In za ka sauya twitar, ka tabbata ɗan kafasito yana kan wayar fosit ɗinta, shi ke tare mata bes. Babu shi, waƙa ɗaya za ta ƙone.

Na baya

Ni a ganina kuɗinka ka zuba su a gaba, inda kunnenka yake. Na baya in ba su yage ba ka ƙyale su. In sun yage, aikin ɗaya ne, sai dai a yawancin motoci sai an kwantar ko an cire majinginar kujera an ɗage murfin saman but. Leƙa ta cikin but ka duba sandunan ƙarfe biyu da ke ɗaga marfinsa, suna motsi in ana rufewa, kada maganaɗisu ya tare musu hanya. In motar tana da akwatin bes na kamfani, ka sa wadda faɗinta, zurfinta da om ɗinta suka yi daidai da tsohuwar, ka toshe bakin sosai, kada kuma ka huda wa akwatin rami.

Gwaji kafin rufewa

Murfi yana ƙasa tukuna, mayar da batir, ka maƙala makunnin gilashi. Ɗaga gilashi ka sauke sau uku kana kallon bayan sifika da waya. Wayar da ke lilo ka ɗaure ta da tayin roba nesa da hanyar gilashi. Mayar da BAS da TRE sifili, ka kashe LOUD, ka kamo Freedom a 99.5 ko duk tashar da ake magana. Muryar mai magana ya kamata ta tsaya a tsakiyar dashbod. Sai ka sa kiɗa mai ganga, ka kai BAL hagu ƙarshe, ka dawo da shi tsakiya. Nauyin gangar ya ƙaru, daidai ne. Ya ragu, ɗaya a juye take, ka sauya wayoyinta biyu. Wannan gwajin ne kuma mafitarka in tsohuwar ta mutu murus ta ƙi motsi da batir.

Ƙara murya a hankali har inda ta fara fashewa, ka ja baya kaɗan, ka riƙe lambar. Rediyo ne ya kai iyakarsa a nan, kuma wannan fasasshiyar muryar ita ta fi ƙona twita.

Sauran aiki kaɗan ne. Sa tsinken tsintsiya ka zungure ramukan zubar ruwa da ke ƙasan ƙofa, ƙura takan toshe su ruwa ya kwanta a ciki. Manne ledar a gurbinta, sauya kilif ɗin da suka karye, maƙala igiyar hannun ƙofa da soket, rataya murfin daga sama, ka bi gefe kana bugawa da tafin hannu har kowane kilif ya shiga. Gwada buɗe ƙofar daga ciki kafin ka mayar da sukurori. In gilashin direba ya daina hawa da kansa bayan cire batir, a motoci da yawa ɗaga shi har sama ka riƙe makunnin 'yan daƙiƙu yana dawo da shi. Sannan ka kashe rediyo, ka shiga layin unguwa mai gargada ka saurari ƙofar. In ka ji wani abu na kaɗawa, ka buɗe ka nemo shi tun sukundireba tana kan kujera.